Wuraren cajin mota: a ina za a kafa su, wa zai kula da su?



An ce in yi magana a kan kuɗin gwamnati da wuraren cajin gaggawa na motocin lantarki. Na san akwai mai cewa a ransa, "Malam, mu da ba mu da wutar cajin waya?" Wallahi yana da gaskiya, kuma daga nan zan fara.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu. Ɗan adaidaita sahu ya fi kowa sanin zafin abin, domin shi ke kai balas kullum. Don haka motar lantarki ta tashi daga kayan ƙawa na masu kuɗi, ta zama maganar tuwon dare. A Maiduguri Gwamna Zulum ya sa motocin haya na lantarki a kan titi. Tun 2021 hukumar NADDC, lokacin Jelani Aliyu, ta kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ke nan ba mafarki ba ne.

To amma jama'a, cajin gaggawa ba soket ba ne. Na'ura ɗaya tana jan kilowat 50 zuwa 150, wata ma ta fi haka. Ka jera huɗu masu 150, ka tara kilowat 600. Taransfomar da unguwa guda ke rigima a kanta, mai 500, ba za ta ɗauka ba. Kuma kun tuna Oktoban 2024, da Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda matsalar manyan layukan wuta. Direban da ya sayar da motar fetur ɗinsa, ina zai sa kansa a irin wannan mako?

Kada ku ɗauka kuɗi kaɗai ke yin aikin. Amurka ta ware dala biliyan 5 a dokar 2021 don kafa irin waɗannan wurare a manyan hanyoyi, amma sai a Disambar 2023 aka buɗe na farko, a jihar Ohio. Neman fili, izini, da jiran kamfanin wuta ya jona layi, su suka cinye lokacin. Idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta, balle mu.

Abin da nake so ɓangarenmu ya kai wa uwar jam'iyya shi ne, in za a sa kuɗin talaka, a fara da tasha. Tashar mota da matattarar 'yan adaidaita, inda abin hawa ke yini yana aiki. Ba harabar sakatariya ba, inda manya biyu za su caja motar ofis. Kowane wuri ya zo da solarsa da batiran ajiya, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Bayan nan a waiwayi hanyar Kano zuwa Kaduna da makamantanta.

Sai batun kwangila, wanda shi ya fi damuna. Kowa a nan ya san rijiyar burtsatse ta sola da aka buɗe da kiɗa da kalangu, bayan wata shida ta zama wurin ɗaure awaki. Akwai ɗaya a unguwarmu. Kada a biya ɗan kwangila duka kuɗinsa ranar buɗewa. A riƙe kaso mai tsoka, a riƙa sakar masa duk wata gwargwadon kwanakin da na'urar ta yi aiki, a kuma manna kuɗin caji a allo kowa ya gani. A koya wa yaranmu gyaran, kada fis ya ƙone a jira injiniya daga Legas.

'Yan majalisarmu na jiha suna nan zaune, ranku ya daɗe. Kasafin kuɗi zai zo gabanku. In kun ga layin "wuraren caji", ku tambayi adireshin kowanne, da inda wutarsa za ta fito, da wanda zai gyara shi. Mu kuma za mu tambaye ku a taro na gaba.