Tabon da Ya Ƙi Tsayawa



A Dugabau, kamar sauran ƙauyukan ƙasar Kabo da Gwarzo, wanzami yakan yi wa mutane ƙaho da aska iri ɗaya, a kuma huda wa 'yan mata kunne da allura iri ɗaya. Galibinsu sukan warke da ɗan tabo. Amma akan sami wanda tabonsa zai taso, ya yi tauri da sheƙi da ƙaiƙayi, ya ƙetare iyakar raunin, ya ci gaba da girma shekara da shekaru. Wani likitan Faransa, Alibert, ya bayyana shi a 1806, yanzu kuma ana ce da shi kiloyid. Ya fi samun baƙar fata.

Asalin al'amarin yana ƙarƙashin fata. A can akwai ƙwayoyin halitta da ake kira faibirobilas, waɗanda su ne masaƙan jiki, zarensu kuwa shi ne kolajin. Masaƙi ba ya kafa saƙa sai an aiko masa. 'Yan aiken su ne sinadaran girma, waɗanda gano na farkonsu ya jawo wa Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen kyautar Nobel a 1986. Da zarar aska ta ratsa fata, ƙwayoyin da ke daskarar da jini sukan saki PDGF, mai kiran masaƙa su taru, da TGF-beta, mai umartarsu da saƙa.

Shi TGF-beta iyakarsa zaure. Yakan tsaya a makarɓinsa da ke jikin ƙwayar, sai waɗansu furotin, Smad2 da Smad3, su karɓi saƙon, su haɗu da Smad4, su shigar da shi cibiyar ƙwayar. Daga nan a ƙara zare, a kuma danne sinadaran da ke warware tsohon zare. Waɗansu masaƙan har sukan rikiɗa su zama masu jan bakin rauni ya haɗe, kamar yadda Gabbiani ya nuna a 1971. Idan rauni ya rufe, waɗannan sukan mutu, Smad7 kuma ya tare hanyar saƙon. A kiloyid wannan tsayarwa ce ta raunana: masaƙan da kansu suke ƙera TGF-beta, suna aikawa kansu, suna amsawa.

Irin wannan saƙa marar iyaka ita ce ke taurara hanta, da huhu, da mafitsarar mai tsargiya. A 2014 Amurka ta amince da nintedanib, maganin da ke toshe makarɓan PDGF da waɗansu 'yan'uwansa, domin rage saurin taurarar huhu.

Babban kuskure, kuma abin takaici ne yadda ya yawaita, shi ne a koma wa wanzami ya yanke tabon. Yanka sabon rauni ne, sabon rauni kuwa sabon saƙo. In yankan ne kawai, yawanci tabon yakan dawo, wani lokaci ya fi da girma. A asibiti akan yi allurar triamcinolone cikin tabon, in ma an yanke akan haɗa da allurar da matse wurin. Gidan da aka san akwai kiloyid a jininsu, ya kamata su ji shawarar likita kafin a huda kunnen jaririya.