Kafin Ku Sayar da Hatsi Domin Karatun Kwamfuta

Ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na sashen raya karkara ne ya yi wannan jawabi a taron iyaye da matasa bayan girbi. Mun buga shi domin ikilisiyoyin da ba su sami zuwa ba.

Na gode da kuka ba ni wannan lokaci, ga shi kuwa na san waɗansunku daga masussuka suka zo.

Tun da aka fara shigar da amfanin gona, kusan kowane ƙauye na je sai wani uba ya ja ni gefe ya ce, "Malam, yarinyar nan ta gama sakandare, tana so ta je gari ta koyi kwamfuta. Buhu nawa zan sayar?" Ba na iya amsa wannan tambaya a tsaye, gama abin da muke kira koyon kwamfuta iri biyu ne, kuma ba su yi kama da juna ba. Na bi ta dukansu biyu, shi ya sa nake so in fara da labarin kaina.

Da na gama sakandare, babana ya sayar da buhu huɗu na masara da akuya ɗaya, ya kai ni wani shago a gari inda aka rubuta a allo cewa ana ba da difloma cikin wata uku. Mun fi mu ashirin a aji, kwamfuta huɗu ne, ɗaya ma ba ta tashi. In an ɗauke wuta, ba man janareto, sai malamin ya zana mana haruffan kwamfuta a kan allo mu kwafa cikin littafi. Bayan wata uku aka ba mu satifiket mai kyan gaske, da hotona a jiki da ado a gefe. Mamana ta sa shi a gilashi ta rataye.

Ba a daɗe ba na ji wani ƙaramin asibiti yana neman akawu. Na je da satifiket ɗina. Matar da ke kula da ofishin ba ta ko dube shi ba. Ta miƙo mini takarda mai jerin magunguna da farashinsu, an rubuta da hannu, ta ce in shirya su cikin jadawali in fitar da jimillar kuɗin. Na zauna wajen rabin awa ina neman haruffa da yatsa ɗaya, gumi yana zuba. Daga baya ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗana, je ka ka koya, sa'an nan ka dawo." Da na koma gida na faɗa, Baba bai ce mini uffan ba. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan shekara biyu na sami shiga foliteknik, kuma a can ne na gane bambancin. Kwas ɗin da nake magana a kai, a da sunansa karatun sakatare. A shekarar 2004 Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda hedkwatarta ke Kaduna, ta sake manhajar ta kuma sake masa suna, ya zama kwas na fasahar ofis da gudanarwa. OTM ake kiransa a taƙaice, kuma da wannan suna za ku same shi a fom. Dalilin canjin a fili yake: tafireta tana fita daga ofisoshi, kwamfuta tana shiga. Manyan makarantu irin su foliteknik ta Kaduna, ta Jihar Filato a Barikin Ladi, da na tarayya a Bauchi, Mubi, Nasarawa da Bida suna koyar da shi.

Shekara biyu ake yi a sami ƙaramar difloma ta ƙasa, wato ND. A tsakiyar karatun akan tura ɗalibi wani ofis ya yi kimanin wata huɗu yana koyon aiki da hannunsa, ƙarƙashin tsarin da hukumar ITF mai hedkwata a Jos take kula da shi. Wanda yake so ya ci gaba, sai ya yi shekara ɗaya yana aiki a waje, ya dawo ya ƙara biyu domin babbar difloma, HND. Bayanta ne ake zuwa bautar ƙasa. Ni a ƙaramar na tsaya, da ita kuma nake cin abinci har yau.

To, me ake koya a wurin da ba a koya a shago? Abu na fari, bugu ba tare da duban yatsu ba. In kuka shafa allon haruffan kowace kwamfuta za ku ji ɗan tudu a kan harafin F da na J. An sa su domin manuniyar hagu da ta dama su gane gidansu ko da ido a rufe, sauran yatsu kuma su jeru a gefensu. Malamarmu takan rufe mana hannu da kwali, mu yi ta bugu har ya zama jiki. Mun tsane ta a lokacin. Yau ina buga wasiƙa ina magana da baƙo a lokaci guda, ita nake gode wa.

Ana koyar da Word domin wasiƙu da rahotanni, da Excel domin lissafi, da PowerPoint domin gabatar da bayani a taro. Mun kuma yi rubutun gaggawa irin na Pitman, wanda ya wahal da mu ƙwarai, ban kuwa cika amfani da shi ba tun da na fita. Amma abin da ban zata ba shi ne rabin karatun ba a gaban kwamfuta ake yinsa ba. Yadda ake rubuta wasiƙar hukuma da Turanci mai tsabta. Yadda ake zama a taron da ya ɗauki awa uku ana gardama, a fito da shafi biyu da suka nuna abin da aka yanke, da wanda zai yi, da ranar da zai gama. Yadda ake buɗe fayil, a sa masa lamba, a rubuta kowace wasiƙa da ta shigo da wadda ta fita. Yadda ake riƙe 'yan kuɗin hidimar ofis, kowace naira da rasit ɗinta. Yadda ake karɓar baƙon da ya zo da fushi.

Ina so in tsaya kaɗan a kan wannan, domin ya shafe mu kai tsaye. Dattawa za su tuna da shekarar da muka raba takin rance a wani yanki, aka kusa rabuwa baram-baram. Ba wanda ya ci ko kwabo. Abin da ya faru shi ne an rubuta sunaye a littattafai uku, ruwa ya jiƙa ɗaya, an rubuta mutum ɗaya sau biyu domin a nan an sa sunansa na baftisma, a can kuma sunan da ake kiransa a gida, gwauraye biyu kuma ba a sa su ko'ina ba. Mutanen kirki suka yi wata da watanni ba sa gaisawa. Da shekara ta kewayo, wata yarinya da ta dawo hutu daga foliteknik ta zauna kwana biyu ta shigar da sunayen duka cikin Excel, kowane gida da lambarsa, ta jera su bi da bi. Nan take sunayen da aka maimaita suka fito fili. Ta buga kwafi uku, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya a manne a ƙofa kowa ya karanta. A shekarar ba a ji ko tari ba. Ƙungiyoyin manomanmu, asusun mata, makarantunmu da ɗakunan shan magani duk suna fama da irin wannan ciwo, kuma sau da yawa masu ba da taimako daga waje sukan janye hannu ne domin an kasa kawo musu rahoto da lissafi a kan lokaci.

Yanzu ga abin da za ku bincika kafin ku buɗe rumbu. Ba a cinikin biri a sama.

Ba kowace takarda mai suna difloma ce ND ba. Har a cikin manyan makarantu akwai diflomar cikin gida wadda ba a karɓarta a shiga HND. Ku yi tambaya kai tsaye: wannan difloma ta ƙasa ce? NBTE ta amince da wannan kwas a wannan makaranta? Ku lura, kwas ɗaya ɗaya hukumar take tantancewa, saboda haka makaranta tana iya samun izini a kan lissafin kuɗi ba ta da shi a kan OTM. Hukumar tana fitar da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su, ana kuma iya dubawa a intanet. Hanyar shiga ND ta JAMB ce, da kiredit ɗin da ake bukata har da Turanci daga WAEC, NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu. Duk wanda ya ce muku ba a bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, ku kawo kuɗi kawai, ku riƙe aljihunku. Wanda kuma yake da burin bautar ƙasa ya sani ba a tura waɗanda suka yi karatun ƙarshen mako ko na yamma.

Sa'an nan gani ya kori ji. Uba ya sa takalminsa ya je da kansa, ko ya aiki wanda ya yarda da shi. A ƙirga kwamfutocin da suke aiki, ban da waɗanda aka lulluɓe da zane. A tambayi ɗalibai, ba mai karɓar kuɗi ba, awa nawa kowannensu yake samu a mako yana taɓa na'ura da hannunsa. A ga inda yarinya za ta kwana, da wanda zai zama idonku a garin.

Kada wani ya ce na zo in kashe wa masu shago kasuwa. Akwai na kirki a cikinsu, kuma wata uku a wuri mai kyau yana da amfani, musamman da yake tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya. Yaranmu da yawa sun san amsa amma suna faɗuwa domin ranar jarrabawa ce ranar farko da suka kama linzamin kwamfuta. Abin da nake cewa shi ne ku biya kuɗin shago a matsayin share fage, kada ku biya shi da zaton difloma kuka saya.

Game da kuɗi, ba zan faɗi adadi ba domin yakan canza kowace shekara, kuma na jiha ya bambanta da na tarayya. Amma ku sa a lissafi cewa haya, abinci, mota da buga takardu sukan fi kuɗin makarantar kansa. Tun 2024 gwamnatin tarayya tana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa ta asusun NELFUND. Ana iya nema bayan an sami shiga, sai dai a tuna bashi ne, za a biya.

Matasa, ku kuma ga taku. Ba zan ruɗe ku ba, aikin gwamnati ba ya jiran kowa a bakin ƙofa. Bugu kaɗai kuma ba ya ciyar da mutum kamar dā, gama yanzu wayar hannu ma tana rubuta abin da aka faɗa mata, manyan ma'aikata da yawa kuma da kansu suke buga wasiƙunsu. Waɗanda muka gama tare, waɗansu suna makarantu masu zaman kansu, waɗansu asibitoci, waɗansu ofisoshin lauyoyi da ƙungiyoyin agaji. Ɗaya ya buɗe shago kusa da sakatariyar ƙaramar hukuma da kwamfuta ɗaya, firinta da injin fotokofi, yana buga takardu yana cika wa mutane fom ta intanet, yanzu har ya sa sola. Akwai kuma waɗanda har yau suna nema. Da na dube su, waɗanda suka yi gaba su ne masu Turanci mai kyau da hannu a Excel. Ku ƙara da abin da 'yan birni da yawa ba su da shi: iya buga Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ɓ, da harshenku na gida. Haruffan nan ba sa kan allo sai an saita su, masu iya wannan kuwa kaɗan ne.

Samari, na san ana cewa wannan karatun mata ne. An yi mini wannan ba'a, har a gidanmu. Waɗanda suka yi ta su ne suke kawo mini takardun filinsu in duba musu yau.

Abu na ƙarshe shi ne riƙon amana, kuma iyaye ne suka fi kowa sanin ko ɗansu yana da shi. Wanda yake zaune a tebur na gaba a ofis yakan ga albashin kowa, da sakamakon gwajin jinin maƙwabcinsa, da sunan wanda za a sallama kafin shi ya sani. Tun 2023 akwai dokar ƙasa da ke kare irin waɗannan bayanai na mutane, amma tun kafin doka, ofis ba ya riƙe mai sakin baki. Za kuma a zo masa da roƙo: ƙara sunan ƙanena a jerin, mayar da kwanan watan nan baya, ba ni kalmar sirrin in duba abu ɗaya kawai. Sau da yawa mai roƙon ɗan'uwa ne ko babba da ake jin nauyinsa. Ni ma an zo mini, kuma wanda na hana bai gaishe ni ba har shekara. In kun san yaronku ba ya iya cewa a'a, ku yi ta aiki a kan wannan tun yana gida.

Wanda yake da takardar talla ta wata makaranta, ko fom da aka ba ɗansa, ya kawo ofishinmu ranar kasuwa mu duba tare kafin ya biya ko sisi. Matasan da ba su taɓa kama kwamfuta ba kuma suna shirin JAMB, su ba sakataren matasa sunayensu yau kafin a watse, domin mu san yadda za mu raba su a kan na'urori biyun da muke da su.