Hanya ta zo, kada daji ya tafi

Muna gaida masu koyon karatu, maza da mata, musamman na Tebaram da sauran garuruwan Adar. Hirarmu ta yau a kan hanyar mota ce da daji.

Hanya abu ne mai kyau. Ita ke kai marar lafiya asibiti. Ita ke kai hatsi da albasa da bisashe kasuwa. Amma motar da ke kawo kaya, ita ce ke komawa birni da itace. Ku saurari abin da ya faru a Kure.

Kure gari ne da ke gabas da Yamai, tazarar kamar kilomita 60. Babbar hanyar kwalta ta Yamai zuwa Doso ta ratsa dajinsa. A wannan daji ne raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suke zaune. Da damina suna kiwo a kan fako, cikin geza da sabara. Da rani suna sauka cikin kwari, suna cin ganyen gawo da ƴaƴansa.

Mutanen Yamai suna girki da itace. Da yake hanya tana da kyau, manyan motoci suka riƙa zuwa ɗaukar itace. Masu gatari suka yi yawa. Gonaki suka ci gefen daji. Fari da farauta suka ƙara ɓarna. Wani lokaci ma mota kan buge raƙumin dawa a kan kwalta. A shekarar 1996, da aka ƙidaya su, 49 kaɗai suka rage.

Sai gwamnati da mutanen garuruwan suka tashi tsaye. Aka tsananta tsaro, aka hana farauta. Aka riƙa ƙidayar dabbobin. Samari suka sami aikin yi wa baƙi jagora. A shekarar 2018 raƙuman sun haura 600. A wannan shekara aka ɗauki guda 8 a mota, aka kai su gandun dajin Gadabeji, cikin ƙasar Dakwaro, jihar Maraɗi. An keɓe wannan gandu tun 1955, faɗinsa hekta 76.000. Raƙuman dawa sun ɓace daga can shekaru da dama kafin a maido su.

Ƴan'uwa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hanyar da ta fito daga Tawa ta nufi Filinge, ta Tebaram take bi. Mutanen Tawa su ma da itace suke girki. Itacen kuwa daga dajinku zai fito. Idan geza da sabara suka ƙare, iska za ta kwashe ƙasa, ruwan sama ya zaizaye gonaki, awaki su rasa kiwo, mata su yini neman makamashi.

To, mene ne abin yi?

Na farko, ku san doka. Tun 1992 doka ta ba ƙauyuka izinin kafa kasuwar itace tasu. Ƴan gari ke sara, su ke sayarwa, kuma wani kaso na haraji yana zama a gari.

Na biyu, duk mai ɗaukar itace a mota, ku nemi ya nuna takardar izini. Ga amfanin karatu: yanzu kuna iya duba ta da idonku.

Na uku, idan masu aikin hanya suka zo, maigari da dattawa su zauna da su da ma'aikatan gandun daji. A rubuta yawan itatuwan da za a sare, da yawan da za a dasa.

Na huɗu, kada a taɓa gawo. Ɗan tsiron da ya fito a gona, a gyara shi, a bar shi ya girma.

Ku tattauna da malaminku a kan wannan tambaya: waɗanne itatuwa ne iyayenku suka sani, yau babu su? Kowa ya rubuta sunaye uku a littafinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.