Jawabi ga samarin ƙauye: iska ta maida ƙwallo raga, an ci ko ba a ci ba?

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, samari sun koma hilin ƙwallo. Gardama ma ta koma tare da su. Wadda ta hi sa garuruwa biyu su watse da hushi ita ce ta bugun gida.

In ƙwallo ta hita ta layin bayan raga, kuma ɗan waccan ƙungiya ne ya taɓa ta daga ƙarshe, masu gida ke da bugu. Ana aje ta ko'ina cikin ƙaramin ɗaki na gaban raga, mai metir 5 da rabi. Ba dole sai mai tsaron gida ba, kowane ɗan wasansu na iya bugawa. Abokan karawa su tsaya wajen babban ɗaki, mai metir 16 da rabi, sai an buga. A da, ba mai taɓa ƙwallo sai ta hita babban ɗaki. An canza wannan a 2019. Yanzu da an buga ta motsa, wasa ya tashi.

To, ga inda rigima take. Lokacin hunturu ne, iska na kaɗawa da ƙarhi. Mai tsaron gida ya buga sama, iska ta juyo da ƙwallo, ta hwaɗa ragarsa. Ba wanda ya taɓa ta. Baƙi na tsalle, masu gida sun ɗora hannu a ka. Duka sun yi gaggawa. Ba a ci ba! Doka ta 16 ta ce kwana za a ba baƙi. Haka yake ga jihwa da bugun laihi: wanda ya aika ƙwallo ragarsu kai tsaye bai ci gida ba, kwana ce.

Amma in ta taɓi wani ɗan wasa kahin ta shiga, ko da gogar ƙahwa ce, an ci. Ya hwaru a Ingila a 2002, tsakanin Aston Villa da Birmingham City. Ɗan Villa ya yi wa mai tsaron gidansu, Peter Enckelman, jihwa. Ƙwallo ta wuce ƙarƙashin ƙahwarsa ta shige. Alƙali ya ce ta taɓa shi, aka lissahwa ci. Da ya ƙyale ta ta wuce, da kwana kawai za a buga.

In kuwa iskar ta kai bugun gida har ragar abokan karawa, an ci. Tun 1997 doka ta yarda da haka.

Aikin alƙali a nan ido ne. Ya lura ko an taɓa ko ba a taɓa ba, ya busa, ya nuna kusurwa ko tsakiyar hili, kar ya tsaya jin ihun ƴan kallo. Ranar iska, ya kira shugabannin ƙungiyoyin biyu ya gaya musu wannan doka tun kahin a soma.