Karatun Kiwon Lafiya: Ina Ya Kamata Kuɗin Asusunmu Ya Tafi?

Jawabin Kwamitin Ilimi a babban taron shekara-shekara

Ranka ya daɗe Hakimi, mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maza da mata da kuka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin wannan zama, barkanku da zuwa gida.

An ɗora mana nauyin duba takardun neman tallafi, kuma abin da muka lura da shi shi ne, duk uban da ɗansa ya ci darussan kimiyya, likita yake so ya zama. Buri ne mai kyau. Sai dai asusunmu ƙarami ne, daga guminku yake fitowa, don haka wajibi ne mu auna abin da kowane karatu zai ci da abin da zai dawo wa gari da shi.

Karatun likita shekara 6 ne, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sannan a yi shekara 1 ta samun horo a asibiti, a yi wata kuma ta hidimar ƙasa. Wannan fa in ba a tafi yajin aiki ba, domin na malaman jami'a na 2022 wata 8 ya ci. Jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista a 2023, amma ba shi ne ke karya ƙugun iyaye ba. Ci da masauki da littattafai da kuɗin mota na tsawon shekarun nan su ne nauyin. Digirin jinya da na gwaje-gwajen asibiti shekara 5 ne kowannensu. Masu hali da suka tura 'ya'yansu waje kuwa sun ga yadda yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 suka koro ɗalibai gida, ga faɗuwar darajar Naira, ga kuma jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa da ke jiran duk wanda ya karanto a ƙetare.

A ɗaya ɓangaren akwai makarantun jinya da ungozoma na shekara 3, da kwalejojin kimiyyar lafiya masu yaye jami'an lafiyar al'umma, waɗanda muka fi sani da malaman asibiti, a shekara 2 ko 3. Galibinsu na gwamnatin jiha ne, kusa da gida, har yarinya kan iya zuwa ƙarshen mako ta ɗebi gari da mai ta koma. Ba za mu ɓoye muku ba, albashinsu bai kai na likita ba, kuma akwai malaman asibiti da suka gama suna aikin sa kai, suna jiran ƙaramar hukuma ta ɗauke su. Amma ƙofar ƙaro karatu a buɗe take, nas kan yi digiri daga baya da albashinta.

To, wane ne zai zauna a garin nan? Likitan da muka ɗauki nauyinsa, babban asibiti a birni ne zai janye shi, ko Saudiyya, ko Ingila. Ba ma ganin laifinsa, tunda mu ma da muke magana a birni muka yada zango. Amma matar da naƙuda ta kama da ƙarfe biyun dare a ƙauyukanmu, ungozoma take nema, kuma 'yar gari ce kaɗai za ta yarda ta kwana a ƙaramin asibitinmu shekara da shekaru.

Akwai wani abu da ya fi damun mu. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita, wasu nagari, wasu kuwa ba su da amincewar hukumar da ke ba da lasisi, ko kuma su ɗebi ɗalibai fiye da gurbin da aka yanka musu. Wata 'yarmu ta shekara biyu a irinsu, mahaifinta har da sayar da shanun noma, sai a ƙarshe aka gano ba a yi mata rajista da hukuma ba, ba za ta zauna jarrabawar ƙasa ba. Kuɗin makarantar ya yi sauƙi, amma dai araha ba ta ado.

Saboda haka muna ba da shawara ɗalibanmu na jami'a su fara neman lamunin karatu na Gwamnatin Tarayya, wanda aka sa wa dokarsa hannu a 2024. Ba shi da ruwa, kuma sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Kaso mafi tsoka na asusunmu kuma ya tafi ga 'yan mata masu karatun jinya da ungozoma, bisa alkawarin za su yi wa gari aikin shekara 2. Muna kuma roƙon 'yan'uwanmu da ke ma'aikatar lafiya su taimaka mana da tantance kowace makaranta kafin a biya ko sisi. Za a ƙaɗa ƙuri'a a kan wannan bayan sallar Azahar.