Ƙarfi da Ƙudura

 

Ƴan uwa masu saurare, yau za mu tsaya kan kalmomi biyu, ƙarfi da ƙudura. Ƙarfi kalmarmu ce ta gado. Ƙudura kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da ƙaddara, da sunan Abdulƙadiri, da daren Lailatul Ƙadari da muke nema a goman ƙarshe. Ku lura da ladabin magabata. Sun bai wa jaki ƙarfi, sun bai wa iska da guguwa, har mai dukiya sun kira shi mai ƙarfi, talaka kuma marar ƙarfi. Amma idan wani abin mamaki ya auku, kakan ji Bahaushe ya ce ƙudurar Allah. Dalili shi ne ƙarfi yana ƙaruwa yana raguwa. Wanda ya ɗaga buhun gero da hantsi, ku dube shi bayan la'asar cikin wannan wata, ya jingina da bango yana duban rana.

Mu nan Nijar mun san kokowa. Idan ana gasar takobi, kasuwa kanta takan yi shiru. To, a hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka fitar, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗauke sunan ƙaƙƙarfa daga mai kayar da maza, ya ɗora shi a kan wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Wannan kokowa ba a yi mata kiɗa, kuma a gida aka fi yin ta, dab da magariba, lokacin da kunu ya makara.

Akwai kuma maganar da ta fi tsorata ni: fin ƙarfi. Ga ma'anar baki, ai rinjaye ne kawai, amma Hausa ta mayar da shi sunan zalunci, domin ta daɗe tana ganin abin da mai rinjaye ke aikatawa. Ɗan kasuwan da ya ɓoye gero da sukari tun Sha'aban don tiya ta yi tsada, fin ƙarfi ya yi. Haka mai gonar da ya riƙe kuɗin ɗan ƙwadago, da yayan da ya haɗe gadon marayu don ba su da mai tsaya musu. Idan wanda aka zalunta ya ce an fi ƙarfina, na bar wa Allah, to ya ɗauke ƙararsa daga hannun masu ƙarfi ya kai ta gaban Mai ƙudura. Ga shi kuma yana azumi, addu'arsa ba ta da shamaki.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu duba kalmar iko. Allah ya karɓi ibadunmu.