Gwamnoni a Teburin Tarayya: Kujera da Alhakinta

Shugaban reshe, iyayenmu da suka riga mu riƙe alli, 'yan'uwa malamai na Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa.

Tambayar da aka ɗora mana ita ce, ko ya dace gwamnonin jihohi su sami gurbi na doka a gwamnatin tarayya. Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya ba su kujera a Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, da Majalisar Tattalin Arziki wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa ke jagoranta. Sai dai aikin majalisun biyu bai wuce ba da shawara ba. Ƙungiyar Gwamnoni kuwa, duk da ƙarfin muryarta, babu sunanta a kundin.

Mu malamai mun ɗanɗani illar wannan giɓi. Ranar 5 ga Oktoba, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya yi wa malamai alƙawarin albashi na musamman da ƙarin shekarun aiki. A 2022 ya sa hannu a dokar ritaya a shekara 65 da haihuwa, ko 40 ta aiki. Amma malamin firamare ba Abuja ke biyansa ba, don haka aiwatarwa ta koma hannun jihohi, kowace da nata takun. Haka kuɗin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004: sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na tarayya, shi ya sa kuɗi kan kwanta a Abuja alhali yara na zaune a ƙasa.

A Jamus, gwamnatocin jihohi suna da majalisarsu a tarayya, kuma akwai dokokin da ba su wucewa sai da yardarta. Ra'ayinmu shi ne a ba gwamnoninmu irin wannan ƙuri'a a kan dokar da jihohi za su ɗauki nauyin kuɗinta. Sharaɗinmu biyu ne: a bayyana wa jama'a yadda kowane gwamna ya kaɗa tasa, kuma abin da aka zartar ya hau kan kowace jiha ba tare da jinkiri ba.

Akwai masu tsoron ƙarfin gwamnoni zai yi yawa, ganin sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi. Tsoron yana da tushe. Amma ikon da aka rubuta ya fi saurin bincikawa a kan wanda ake ƙullawa a bayan labule. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Muna roƙon reshe ya miƙa wannan matsaya ga uwar ƙungiya a Katsina. Allah Ya yi mana jagora.